Labarin da Aka Hana wa Ƙurunƙus

Na san Hashimu a shekarar 2011, lokacin da mutanenmu suka yi ta dawowa daga Abijan saboda rikici. Ɗan garin Kalfu ne. Wasu sun dawo da rediyo, wasu da katifa, shi kuwa da gwangwanin biskit cike da katuna ya dawo. Ya kafa rumfar faci a kan hanyar kasuwar dabbobi nan Tawa, can na kai masa kekena wata safiya.

Da ya ji ana ce mini Mushe, sunan da ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, ya gane tsohon malami ne ni, sai ya goge hannu a riga ya ciro kati ɗaya. Hoton wata mace ne tsaye bakin rijiya da guga a hannu, bayanta gari na cin wuta. A ƙasa akwai ɗan rubutun Faransanci.

"Mushe, mi anka ce nan?"

A makarantar mishan an hore mu cewa mai fassara ba ya ƙari, ba ya ragi. Na faɗa masa abin da ke rubuce: matar ta rantse ba za ta bar bakin rijiya ba sai kowa ya sha.

Ba kartar caca ba ce. Wasan Turawa ne, kowane kati da jarumi ko dodo ko wani sihiri, mutum biyu su zauna su kara. Amma kowane kati yana ɗauke da guntun labari, kuma kamfanin da ke buga su yana fitar da sababbi duk shekara, labarin na ci gaba. Ɗan gidan da Hashimu ya yi wa gadi ne ya koya masa. Shi kuma ya koya wa Tanimu ɗan kabu-kabu da Talle mai shayi, suka sa wa matar nan suna Mai-Guga.

Tanimu cin wasa kawai ya dame shi. Hashimu kuwa labarin yake bi. Duk katin da 'yan'uwa suka aiko daga Abijan, ranar Juma'a bayan masallaci zai kawo mini, in ɗora yatsa in karanta, ya tsura wa yatsan ido. Sai ya koma gida ya kwashe wa matarsa Raƙiya. Ita kullum tambayarta ɗaya: "To, ina ƙurunƙus ɗin? Tatsuniyar da ba a rufewa ai surutu ce." Yakan ce mata yana nan tafe.

Raƙiya ba ta jira shi ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta a daminar 2017. Hashimu ya koma kamar tayar da ta sace. Bayan girbi sai ga wani kati ya iso. Mai-Guga ta rungume dodon wuta ta faɗa rijiya da shi, ta mutu, garin ya sha ruwa. Na karanta masa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ƙurunƙus." Ranar ya ci abinci a gidana har da ƙari.

"Mutanen nan sun san mutuwa, Mushe," in ji shi. "Ba su yi mata ƙarya ba."

Shekaru biyu bayan haka Tanimu ya shigo rumfa yana ta ƙaho da babur, da sabon kati a hannu. Ina wurin. Mai-Guga ce, da fikafikan ƙarfe, da takobi a maimakon guga. Rubutun ya ce kabari bai isa ya riƙe ta ba.

"Sake dubawa, Mushe. Wataƙila ƙanwarta ce."

Na sake dubawa. Ita ce.

"Wadda anka rufe ba ta dawowa da fiffike," in ji Hashimu. "In ba ta mutu ba, ruwan mi mutanen garin suka sha?"

Tanimu ya kwashe da dariya. "Kai mai faci, kamfani ne fa, ba kakarka ba! In sun ce ƙurunƙus, baɗi mi za su saida?"

"Kai dai ba ka san labari ba, sai gudu."

"Gudu ke ba ni tuwo. Katin ga ya fi duk na gwangwaninka ƙarfi. Zauna in gwada maka."

Talle ya miƙo shayi yana cewa a bar faɗa kan matar takarda. Hashimu ya dube shi, bai karɓa ba.

Tanimu ya nuna mana a wayarsa cewa masoya wasan a ƙasashen waje ma suna ta wannan gardama. Hashimu ya roƙe ni in rubuta musu ra'ayinsa. Na rubuta da Faransanci mai tsabta, irin na da. Mutum ɗaya ne ya amsa, da hoton fuska mai dariya.

Daga nan bai ƙara taɓa wasan ba. Tanimu da Talle suka koma wasannin waya, tabarmar rumfa ta naɗe. Hashimu ya daina zuwa gidana, don babu abin da zai kawo. In na bi ta hanyar nakan hango shi zaune gaban kwanon ruwan faci, ko da babu taya a ciki.

Bara yanar ido ta rufe mini gani. Littattafaina suna nan a kabad, sai dai in shafa su. Wata Juma'a na ji sallama, na ji an ajiye gwangwani a kan tabarma. Sai na ji muryar Hashimu ya fara karatu, da Faransanci, yana tuntuɓe, da irin lafazina har da inda nake jan numfashi. Ashe duk shekarun nan yatsana yake bi.

Tun daga ranar yana zuwa duk mako. Yakan fara daga rantsuwar Mai-Guga, ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya har ta faɗa rijiya, sai in ji ya rufe gwangwani. Na taɓa tambayarsa mai fikafikan. Ya ce wannan na Tanimu ne.

Yakan ce ƙurunƙus kafin ya tashi. Amma a hankali yake faɗa yanzu, don ni da shi mun san ana can ana buga wasu.