Kwaɓin Mama Zahra yana firij ɗina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai Mama Zahra ta rasu. Jiya-jiyan nan muna tare a kicin ɗinta.

Maƙwabciyata ce a unguwarmu ta Hor Al Anz, nan ƙasar Larabawa, tsohuwa 'yar Iran. Larabcina na allo, nata na kasuwa, amma mun fahimci juna.

Duk sabuwar shekararsu, wadda suke kira Nowruz, takan yi wasu 'yan ƙananan biskit na garin waken da Larabawa ke yin hummus da shi, da hel ɗin nan mai ƙamshi da ake sa wa gahawa, da ruwan wardi. Kamar girebarmu, sai dai ya fi narkewa a baki. Nokhodchi sunansa.

Ranar da ta fara kawo mini, ta ga ina jujjuya farantin. Ba ta ji haushi ba. Ta ja ni kicin, ta nuna mini kwalaben da ta yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Hajiya, ci da natsuwa. Abin da ba zai shiga bakinki ba, ba zai shiga tukunyata ba."

Bana hannunta ya soma rawa, ga jikokinta za su zo daga garinsu Shiraz. 'Ya'yanta suka ce a saya a shago, khalas. Ta ce jikokinta ba za su ci na kwali ba.

Ni ta kira.

Ina murzawa tana ɗanɗanawa, tana tsiya: "Shwaiya, habibti, a hankali, ba tuwo ba ne!" Da ya yi mata, ta riƙe hannuna ta ce wa ɗanta, "Shekara arba'in ban bar kowa ya taɓa mini wannan kwaɓin ba. Ga Bahaushiya ta iya."

Wallahi ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba.

Kwaɓin sai ya kwana kafin a gasa, shi ya sa ta ba ni in ajiye. Ɗazu da na je gaisuwa, ɗan nata, da ke kirana Khala, wato inna, ya ce, "Khala, ki bar shi kawai." Na ce a'a. Amana ce. Jibi yaran za su sauka, kuma za su ci na kakarsu in sha Allah. Na riga na kunna oven.

Allah Ya jiƙanki, Mama Zahra, Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.