Bawa Mai Gyara, wanda ya nuna wa Inna fuskar ɗanta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shagon ɗinkina aka ce mini Bawa Mai Gyara ya rasu. Na daɗe tsaye da makulli a hannu.

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko talabijin gyara a Dogon Dutsi ya san shi. Dattijo ne mai tsokana, tabarau ɗaure da zare. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Tela ɓata yadi". Sau biyu yana gyara mini dutsen guga, ya ce in biya shi da maɓallin riga.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne maganar majigi.

Ƙanena Ibrahim ya daɗe yana aiki a Aljeriya. Idon Innarmu ya yi rauni, ba ta ganin fuska a waya, shi ya sa ya aiko da majigi, wato projecteur, don ta riƙa ganin bidiyonsa babba a bango. Ni kuma da iyayi na ɗauki telekomand, wato rimot, na ƙure haske, na ƙure kala, ina ganin gata na yi mata. Ga bangon ɗakin shuɗi ne. Sai Ibrahim ya fito fari fat kamar an tsoma shi a toka.

Inna ta duba ta duba, ta ce yaron nan ba shi da lafiya, ɓoye mata muke yi. Na rantse, shi ma ya rantse ta waya, ta ce ai murya tana ƙarya. Kwana uku tuwo kaɗan take taɓawa. Gaskiya na tsorata.

Da la'asar na ɗauko Bawa a babur. Yana shiga bai ko kalli injin ba. Ya ce a rufe taga da bargo, a toshe ƙasan ƙofa, don mu mutanen nan hasken inji muke ƙarawa alhali rana ce ke cinye hoton. Ya aike ni shago na kawo farin yadi, muka ɗaure shi a bango ya miƙe sarai. Ya rage hasken da na ƙure har baƙin gashin Ibrahim ya koma baƙi, farar rigarsa ta nuna ɗinkinta.

Sannan ya juya ya ce, "Inna, cikin ɗiyanki wa ad da launin jikinai?"

Ta nuna ni.

Ya tsayar da ni gefen yadin, ya sa na miƙa hannu kusa da kuncin Ibrahim, ya ce in na motsa zai kira ni ɓata hoto ma. Yana danna kala kaɗan kaɗan, ya dubi hannuna, ya dubi yadin. Hannuna har ya sage. Can sai muka ji Inna ta ce, "Tsaya nan. Wanga shi na. Har ƙiba ya yi."

Ranar ta cinye tuwonta, ta nemi ƙari. Bawa ya ƙi karɓar ko dala. Fura kawai ya sha, ya ce ba ta ji nono ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Tibiri ce, makon jiya. Ya rame, amma bakin nan na nan. Na gaya masa matar Ibrahim ta haihu, bidiyon suna na hanya, kuma yaran gida sun danne-danne injin, komai ya rikice. Na roƙe shi ya zo. Ya kama tsintsiyar hannuna ya girgiza, ya ce, "Mi kaka jira da ni? Ga ma'aunin nan Allah Ya ba ka. Ruhe taga, ka yi a hankali."

Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Bidiyon ya iso jiya, na ajiye ina jiran Bawa. Yau bayan mun dawo daga maƙabarta Inna ta ce tana so ta ga jikanta. Na so in ce a bari, sai na kasa. Na rufe taga, na ɗaura yadin nan, na miƙa hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da telekomand. Sau uku ina ɓatawa ina sakewa, ido na ruwa. Na huɗu Inna ta ce in tsaya, ga Ibrahim, ga jaririn, kuma kunnuwan kakansa ya kwaso.

Ta yi dariya, sannan ta ɗaga hannu ta ce a yi wa Bawa addu'a tukuna, kallon zai jira.

Allah Ka jiƙan Bawa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa yadda ya faranta ran tsohuwa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ka yi masa Ƙulhuwa ƙafa uku. In ya taɓa gyara maka wani abu ya ƙi karɓar kuɗi, to yau ce ranar biya.