Tocilar Ɗantsoho Maƙeri

A ƙasan adakar kakarmu akwai wani ƙarfe mai tsawon taƙi guda, naɗe cikin tsumma. Tocila ce, ko kuwa dai haka wanda ya ƙera ta ya kira ta. Shi ne Ɗantsoho, kakan kakarmu, maƙeri a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Duk wanda ya san shi ya shaida bai cika magana ba, bai kuma cika gama aiki da wuri ba.

Shi ne ƙarami a maƙerarsu. Wansa Ilu ke riƙe da uwar maƙera tun rasuwar mahaifinsu, shi ke cewa a yi, shi ke cewa a bari. Aikinsu fartanya da lauje da gatari.

'Yan shekaru bayan yaƙin Jamus, Ɗantsoho ya kai fartanya kasuwar Maigatari, ya tarar an kewaye wani tsohon soja, Ɗanjuma, yana nuna tocilar da ya samo a wajen Baturen da ya yi wa aiki. Mutum zai cusa kai cikin bargo, a danna, ya ga haske, a saki, ya ga duhu. Ɗantsoho ya roƙa aka ba shi ya riƙe. Ya auna ta da yatsu, ya sunsuna, ya kara a kunci.

"A buɗe mu ga cikin mana," ya ce.

"Ba a buɗewa," in ji Ɗanjuma. "Ni mai ita ban buɗe ba, sai kai?"

Ya koma gida da tabbacin wuta ce a ciki. Bai taɓa ganin haske ba wuta ba, in ban da rana da wata, su kuwa ba sa shiga gwangwani.

Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya koma gefen maƙera. Ya naɗe tagulla ya yi jiki, ya goge wata da tsamiya da toka har tana ɗaukar ido, ya sa a baya. Gindin kwalba ya zama gilashi. Ya dasa lagwani da ɗan kokon man gyaɗa a ciki, ya yi maɓallin da ke ɗaga murfin ido yana saukewa. Ranin farko bai huda ta ba ko ɗaya, domin ta Ɗanjuma ba ta da huji. Yana rufewa take mutuwa. Rani na biyu ya haƙura ya yi mata ƙofofin iska a ƙasa, inda ba za a gani ba. Ta kama, ta kuma ƙona masa hannu, sai da ya naɗe mariƙin da fata.

Matarsa Hannatu ta dube ta, ta ce, "Maigida, wannan da fitilata acibalbal mene ne bambancinsu?"

"Taki ba ta da maɓalli."

A bazara ta uku manoma suka fara zarya neman fartanyarsu, Ilu kuwa ya gaji.

"Ɗantsoho, tagullar nan ta maƙera ce, ba taka ba. In ruwan farko ya sauka abin nan bai yi wa kowa aiki ba, zan kai wa maƙeran fari na Gumel su yi wa Hannatu munduwa."

"To, Yaya."

Daga ranar Hannatu ta riƙa duban gabas fiye da manoma.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da aka kira Hamma, mai yasar rijiya, ya gyara tsohuwar rijiyar gari mai gaba ashirin da biyar. Da hantsi, Hamma ya ɗaura igiya a ƙugu, sai ga Ɗantsoho.

"Bari a zura wannan ka ga ƙasan tukuna."

Aka ƙulle maɓallin, aka zura ta da igiya, mutane suka leƙa. Haske ya yi ta sauka, ana ganin bango sarai. A gaba goma sha biyar ya mutu.

"Ka gani," in ji Ilu.

Ɗantsoho ya jawo, ya kunna, ya sake zurawa. Ta mutu. Ya yi na uku, yara na dariya. Ta mutu, igiya na hannunsa daidai wurin ɗazu.

Hamma bai yi dariya ba. Ya kwance igiyar ƙugunsa.

"Sau uku, wuri ɗaya. Iskar ƙasan nan ba ta da kyau. Ba ni shiga."

"Haba Hamma, wannan ko a ɗaka mutuwa take yi," in ji Ilu.

"To kawo kaza."

Aka zura kaza cikin kwando. Ta fito a some, wuya a lanƙwashe, sai da aka yi ta yayyafa mata ruwa ana fifita. 

Kwana biyu Hamma na zura rassan ganye yana fizgowa don iska ta sauya. Kowane lokaci sai ya ce a kawo abin Ɗantsoho. Ranar da ta isa ƙasa tana ci, ranar ya shiga. Ruwan farko ya sauka a makon.

Ilu bai sake tayar da zancen Gumel ba, bai kuma ce ya janye ba. Hannatu ta rasu ba ta sa munduwar ba, kuma an ce ta kan ambata.

Duk bazara Hamma na zuwa aro, har daga Gagarawa aka taɓa aikowa. Ɗantsoho yakan miƙa ta ba fara'a. In an yaba masa, sai ya ce shi ba don ta mutu ya yi ta ba, kuma bai gama ba tukuna, ta Ɗanjuma ba ta zafi.

Maɓallin yana aiki har yau. Kakarmu ba ta barin kowa ya danna fiye da sau ɗaya.