Bobin ɗin Kawu Arzika

Duk wanda ya san Kawu Arzika a Filinge ya san ba ya gwada wutar mota da komai sai da hannunsa. Ya buɗe kapo, murfin injin, ya zare wayar buji, wato fulogi, ya riƙe da yatsu, ya ce a tada. In wuta ta fizge shi har hula ta faɗi, sai ya yi murmushi ya ce, "Lahiya lau take." In kuwa ɗan tsunkuli kawai ya ji, ranar ba mai cin tuwo da kwanciyar hankali a gidan. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gabana aka yi yawancin wannan rigima.

Motar tsohuwar kat-san-kat ce fara, wato samfurin 404, ta girme ni nesa ba kusa ba. Shekarar da matarsa Inna Rabi ta samu kujerar Makka, Kawu ya rantse gaban jama'a ba motar hayar da za ta kai ta Yamai wajen jirgi sai tasa. Inna ta daɗe tana roƙon Allah wannan tafiya, jirgi kuma ba ya jiran kowa. To a lokacin ne motar ta ga damar fara tari. Da safe garau take, da ta yi zafi sai ta hau tuntuɓe, fat-fat-fat, ta mutu.

Sumana makaniki ya duba buji, ya duba platin, ƴan ƙarafan da ke ɗauke wuta suna mai da ita, ya taɓa bobin, gwangwanin nan da ke ba buji wuta, ya janye hannu da sauri.

"Baba, bobin ya gaji. In ya yi zafi wuta yankewa take."

"Ya gaji? Da shi motar ga ta hito daga masana'anta, tun uwarka ba ta san ubanka ba! Ƙishirwa shika ji."

Ya kwance rawaninsa, ya jiƙa da ruwan buta, ya naɗa wa bobin. Ba a jima ba mota ta tashi, don dai Sumana ya ji kunya. Tun daga ranar mota ce mai rawani, Kawu kuwa hula kawai.

Sai da Inna ta daina dama masa fura kwana uku kafin ya yarda ya sayi sabo. Ranar kasuwa ya tsaya gaban mai kayan mota yana ɗaga bobin ɗaya bayan ɗaya, yana jijjigawa kamar mai zaɓen kankana. Ya ɗauki wanda ya fi nauyi, wani ja.

"Baba, wanga na sabbin motoci ne marasa platin," in ji mai kaya. "Wutarsa ta fi ƙarfin taka."

"Wuta ta yi yawa? Ka taɓa jin an kai ƙarar miya don nama ya yi yawa?"

Kwana biyu platin ya ƙone ƙurmus a hanyar gona. Ni da goyo a bayana na tura motar nan har gida, wallahi har yau ina jin haushin abin. Shi kuwa murna yake: "Na hwaɗa muku, kayan zamani!" Ya sa aka canza platin, ya mai da tsohon bobin.

Ranar tafiya muka fita da hantsi, ni da Inna a baya, da jarka biyu na ruwa waɗanda ba namu ba ne, na bobin ne. Kafin Damana mun tsaya sau huɗu. Kusa da Tabla ruwa ya ƙare, bobin ya tsiyayar da mansa, aka murza makulli, aka tura, shiru. Rana ta take, ga Yamai da sauran tafiya. Kawu ya tsaya riƙe da kapo. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

Inna ta buɗe jakar Makka, ta zaro wani abu naɗe cikin farin mayafi.

"Malam, ungo. Sumana ya ce wanga ne daidai da motarka. Sati biyu shina jakata."

"Sati biyu! Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Da na hwaɗi, da yanzu shina cikin rijiya."

Ya ɗaura shi bai kalli kowa ba. Murzawa ɗaya mota ta tashi, ba ta ƙara tari ba. Mun isa ana cikin kiran sunayen maniyyata. Wajen sallama ya rage murya ya ce, "In kin ga Ka'aba, ki roƙa mini Allah Shi rage mini taurin kai."

"Malam, wannan sai in na koma karo na biyu."

Da muka dawo ya gaya wa duk Filinge tsohon bobin ne ya kai mu, ya kuma hana ni buɗe baki. Yau dai na buɗe.

A zaman makokinsa bara ne Inna ta gaya mini abin da ban sani ba. Kujerar nan tasa ce, ƴaƴansa shi suka biya wa. Shi ya je ya sa aka canza suna, wai ba ya iya barin motarsa wata guda a hannun Sumana. Bai samu wata kujerar ba har ya rasu.

Allah Ka jiƙan Kawu Arzika, Ka sanyaya makwancinsa, Ka rubuta masa ladan hajjin da ya bar wa matarsa. Amin.