Finjalin da Baliyos Ya Ajiye

Har ya rasu, tsofaffin unguwarmu ba su daina kiran kakana Harib da suna Mai Ƙuda ba. Ina ƙarama na ɗauka don busasshen kifi yake sayarwa a bakin teku ne. Sai da na girma, ina zaune gefen kakata Moza tana tsintar shinkafa, na ji asalin sunan.

Ɗan mai nutso ne, amma ƙirjinsa bai da ƙarfin da zai bi ubansa, mai suna Matar, neman lu'ulu'u. Sai ya shiga gidan Shehun garinmu yana daka gahawa, har ya zama shi ne mai zuba ta a zaure. Moza ta ce da safe ana gane dakansa daga bakin kasuwa, domin turmin tagullarsa yana da wani amo da ba na kowa ba. Mutum ne marar magana. Aikinsa ya tsaya da buta a hagu, finjalai a dama, ya san wanda za a fara ba, ya san wanda ya ƙoshi.

A lokacin Turawan Ingilishi ne ke riƙe da teku. Wakilinsu, wanda muke kira Baliyos, yakan zo daga Bahrain a jirgin yaƙi jefi-jefi, ya sha gahawa, ya tambayi lafiyar Shehu, ya tuna masa yarjejeniya. Idan ya tafi ma bai tafi ba, domin akwai Mirza Karim, mai sayar da yadi a kasuwa, wanda shi ne tafintansa. Kowa ya san duk abin da ya wuce ta gaban shagon Mirza sai ya ƙetare teku. Ana gaishe shi da fara'a, ana rage murya in ya matso.

Babban abin da Ingilishi suka hana shi ne shigo da bindigogi. Shi kuwa Ganim, yayan Moza, sana'arsa ke nan: ya ɗauko su daga Maskat ƙarƙashin buhunan dabino. Wata rana jirgin sintiri ya biyo shi, ya nutsar da nasa jirgin da hannunsa, ya fito da iyo. Da hantsi ya faɗo ɗakin girkin gidan Shehu, gishiri ya bushe a gemunsa. Harib ya dube shi, ya zuba gahawa ya miƙa masa, ya sha.

A wurinmu wanda ya sha gahawar gida ya shiga amanar mai gidan. Ba a miƙa shi ga kowa. Da labari ya kai ga Shehu, ya kira Harib shi kaɗai, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ka ɗaure mini wuya da finjali, ɗan Matar, ko shawara babu." Amma ya sa aka ɓoye Ganim a ɗakin ajiyar dabino, bango ɗaya tsakaninsa da zaure.

Ba a yi mako ba jirgin yaƙi ya bayyana, ya tsaya daidai inda kwale-kwalen masu nutso ke ɗaure, bakin igwarsa yana kallon gari. Kullum haka yake tsayawa, amma ran nan kowa ya ga abin da wani ido. An san garin da aka taɓa ƙone wa kwale-kwale a kan abin da bai kai wannan ba. Moza ta ce tana ɗauke da cikin mahaifiyata, ta kasa zama, ta je ta laɓe bayan asabarin mata tana leƙen zaure.

Baliyos ɗin sabo ne, dogo, fuskarsa ta yi fari fat, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya zauna daman Shehu, Mirza a bayansa. Dattawa sun jeru jikin bango, cikinsu har da Baffa Hamad, ƙanin mahaifin Shehu, tsoho mai saurin fushi. Aka gaisa, aka ci dabino. Harib ya ɗanɗana gahawar a gaban jama'a kamar yadda aka saba, ya zuba kaɗan a finjali, ya miƙa wa baƙo.

Baliyos ya karɓa, ya yi godiya, ya ajiye finjalin a kan darduma bai kai shi baki ba.

Baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba, ya zo da buƙata ne, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce masa: sha, abin da ka zo nema naka ne. In Shehu ya faɗi haka, ya ba da Ganim tun kafin a ambaci sunansa. In ya ƙi faɗa, ya wulaƙanta wakilin Ingilishi ga igwa a bakin ruwa. Moza ta ce tana jin tarin wani dattijo da yake ƙoƙarin haɗiyewa, tana kuma roƙon Allah kada yayanta ya motsa a bayan bangon nan.

Shehu ya shafa gemu, ya sake shafawa. Mirza bai kalli kowa ba, idonsa na kan finjalin. Baffa Hamad ya fara gyara zama, ya dogara sandarsa. Duk wanda ya san shi ya san abin da zai fito daga bakinsa: in Ganim kuka zo nema, ya sha gahawarmu. Da wannan magana ta fita, shi ke nan.

Sai Harib ya durƙusa, ya ɗauke finjalin daga gaban baƙo, ya leƙa ciki.

"Allah ya ja zamaninka, laifina ne," ya ce da ƙarfin da duk zaure zai ji. "Ƙuda ya faɗa ciki. Baƙo ya gani, ya yi kunyar faɗa."

Ya juye gahawar a ƙasa, ya taka wurin da ƙafarsa.

Babu ƙuda. Amma mai gahawar da ya miƙa wa baƙo ƙazanta a zauren Shehu ya gama aiki, kuma Shehu ya gane ƙofar da aka buɗe masa. Ya ɗaga murya ya zage shi, ya kira shi makaho ɗan makaho, ya ce ya ajiye butar ya fita daga gidansa. Harib ya ajiye ta a hankali don kada ta zube, ya fita ba takalmi. Baliyos ya rikice, ya yi ta cewa ta bakin Mirza ba komai, don Allah a bar mutumin. Aka kawo turaren wuta. Da aka koma magana, ashe maganar filin saukar jirgin sama ce ta kawo shi. Bai ambaci Ganim ba. Da la'asar jirgi ya ɗaga, bayan kwana kaɗan kuma Ganim ya bi ayarin raƙuma zuwa cikin ƙasa.

Shehu bai iya mayar da Harib ba. In ya mayar da shi, Mirza zai gane wasa aka yi, ya fara tambayar dalili. Yana dai aiko masa da shinkafa ta ƙofar baya. Harib ya kafa rumfar kifi, sunan kuma ya bi shi.

Bayan shekaru, Mirza ya tsufa, Ingilishi sun daina bi ta kansa, ya tsaya sayen kifi, ya ce wa Harib wancan Baliyos ciwon ciki yake fama da shi, ruwan da aka tafasa kaɗai yake sha, bai kuma san ajiye finjali yana nufin wani abu ba. Labarin ya zaga gari. Ganim, wanda ya daɗe da dawowa ya yi ƙiba, shi ya fi kowa dariya.

"Suruki, ashe gudawar Bature ce ta kore ka daga fada," in ji shi.

"Kai da kake bayan bango kana jiƙa wa Shehu dabino don tsoro, rufe mana baki," Moza ta ce. "Baturen bai sani ba, amma Baffa Hamad ya riga ya buɗe baki. Ni na gani."

Harib dai yana ta ɓare kifinsa.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarsa ko yana ganin Mirza gaskiya ya faɗa. Ya ce bai sani ba, Mirza ai tafinta ne. Lokacin yana zuba wa baƙin mahaifina gahawa, domin a gidanmu bai yarda wani ya taɓa butar ba. Na lura kafin ya miƙa wa kowa finjali sai ya ɗan karkata shi wajen haske ya leƙa ciki.