Kocin da Ke Cire Takalmi

Ina zaune a ƙofar wani asibiti a unguwar Al-Sulay, nan ƙasar da muke ci-rani, ina jiran a gama duba ƙafar Sani, direba irina, sai kocinmu na ƙwallo a kwaleji ya faɗo mini a rai. Bana shekara biyu da rasuwarsa.

Tun yana ɗan wasa har ya zama koci, ba a fara wasa sai ya cire takalmi ya zagaye fili, yana tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba. Wata rana, ƙasa ta ɗau zafi, na ce, "Baba, baƙi fa sun gaji da jira."

Ya danƙa mini wata ƙusa mai tsatsa, har da ɗuminta. "Su jira. Da ƙafafun nan za ku nemi abinci."

Yanzu ni ke horar da direbobi ƙwallo duk Juma'a a filin bayan sito. Yau na yi gaggawa, ban zagaya ba, ƙusa ta shige ƙafar Sani. In ya kasa taka birki ranar Lahadi da za a koma aiki, kafilinsa, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ba zai saurari uzuri ba.

Allah Ka haskaka kabarin Baba, Ka warkar da ƙafar da na kasa tsarewa.