Maganin Shawarar Inna

Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Matameye lokacin da na fara rubutu a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya gyarawa. Na buɗe shafin ciwon shawara, na ƙara cewa jiƙon saiwar rawaya yana warkar da shi. A wurin madogara na rubuta: "In ji mahaifiyata."

Kafin la'asar wani ya goge. Ya bar mini saƙo, wai zancen magani sai da littafin likitoci ko binciken da masana suka tantance. Wane ne shi? Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Na ce lalle ɗan koren masu kantin magani ne, yana tsoron a kashe musu kasuwa. Na mayar, ya sake gogewa.

Na tafi gida neman hujjar da zan rufe masa baki.

"Inna, maganin shawarar nan, wajen Kaka kika gada?"

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wace Kaka? A motar Icirnawa na ji wata mata tana faɗa."

"Ya yi mata aiki?"

"Oho. Ta riga ni sauka."